Marin Ƙarfe

Motar Baba akori-kura ce, irin ta dā, mai doguwar kujera ɗaya a gaba da buɗaɗɗen baya. Ta girme ni. Inna ta ce fara ce lokacin da aka kawo ta, amma ni tun da na yi wayo ban san ta da wani launi ba sai na jar ƙasar hanya. Da ita Baba ya ci da mu. Yana kwaso albasa daga Aliero ya kawo Jega, ranar kasuwa kuma ya gangara Maiyama ya dawo da gero da dawa. Warin albasa ya kama kujerar nan har ya zama nata, ko an wanke ta da sabulu sai ya dawo kafin la'asar.

Baba bai taɓa barin bakanike ya sa mata hannu ba. Shi ne direbanta, shi ne mai gyaranta. Mu kuma bai koya mana ba, don ya ce wahalar mota ta ƙare a kansa. Ni ɗan fari ya tura ni harkar albasa, ƙanena kuma ya kai shi koyon gyaran babur. Tuƙi kawai na iya, shi ma a motar wasu na koya.

Wata shekara bayan an gama cire albasa, zafi ya fara, Baba ya dawo daga Maiyama ya ce ƙafar gaba ta hagu tana ƙwanƙwasa duk lokacin da ya faɗa rami. Ya ce bol-joyin ne ya ci. Wannan wani ƙarfe ne mai kai kamar ƙwallo a cikin kwano, da 'yar gajeriyar wutsiya. Shi ke haɗa ƙafar mota da jikinta, ya bar ta ta juya dama da hagu. In ya gama cinyewa, ƙafar na iya ballewa ana cikin gudu. Baba ya sayo sabo ya ajiye a aljihun motar, ya ce da safe zai canza. Da safen ne ya faɗi a bakin zaure yana dawowa daga masallaci.

Da muka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana kuma ta tafi. Abin da ya rage masa bai wuce "to" da "Allah" ba. Kullum da hantsi muna fito da shi mu zaunar a kujera ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, inda motar take tsaye tun ranar. Nan yake wuni yana kallonta. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Baffa, ƙanen Baba, shi ya fara kawo maganar. Mutum ne mai son a yi abu a gama, kuma ya yi mana ɗawainiya sosai a asibiti, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zo wata rana ya tsaya tsakanin Baba da motar, ya ce da Inna, wadda ke bakin zaure da kwanon kunu:

"Hajiya, motag ga ta zama ɗakin kaji. A kira masu sayen ƙarhe su ɗauke ta, wuri shi samu."

Inna ta ce, "A tambayi mai ita."

"A tambayi wa? Mu hwaɗa ma juna gaskiya. Yaya jikinai na nan, amma hankalinai ya riga ya tahi."

A gaban Baba ya faɗa, kamar ana maganar buhu. Inna ta ajiye kwanon. Ta ce, "Shina ji. Duk abin da kac ce ya ji shi."

Baffa ya girgiza kai ya tafi. Na san ba maganar mota kaɗai ba ce. In aka yarda Baba ba ya cikin hankalinsa, daga mota za a fara, sai fadamarsa ta Fagada, sai duk wata shawara ta gidan, a riƙa yanke ta a kansa yana zaune. Inna kaɗai ta tsaya a kan cewa mijinta yana nan. Ni kaina ina tsakiya, wata rana in kalli idonsa in ce yana nan, wata rana in kalla in ga babu kowa.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye. 'Yar Kuberi ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in yi abu, sai ta gaya wa ƙanena ina tsaye, ko ta gaya wa bango. Ranar nan bango ta gaya wa. Ta ce, "In da akwai maza gidan ga, da sun ƙarasa ma tsoho aikin da yab bari."

Na ce to a kira bakanike. Ina rufe baki Baba ya buga hannun kujera da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Inna ta ce ga amsa nan, bai yarda ba. Ƙanena kuwa dama abin da yake jira kenan. Ya ce, "Yaya, wane bakanike? Ƙarhe ai ƙarhe na. Ni da nika kwance injin babur in ɗaure ido ruhe?" Ƙanena yana da hannu, wannan gaskiya ne, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Babur kuma ba shi da bol-joyin, abin da bai tsaya ya gaya mini ba kenan.

Washegari muka kori kaji muka fara. Farkon aikin ya tafi lafiya har na fara jin kunyar shakkar da na yi. Muka sa duwatsu a ƙafafun baya, muka ɗaga gaba da jak, muka tura kututturen itace a ƙarƙashi, muka cire taya. Ga bol-joyin nan a fili, robarsa ta yage, giris da ƙasa sun daskare a kai. Kusoshin da suka riƙe shi da hannun motar, ƙarfen da ya miƙo daga jikinta zuwa ƙafar, suka kwance da ɗan ƙoƙari. Saura wutsiyar. Ita tana shiga ne cikin wani ido a jikin ƙarfen da ke riƙe taya, a ɗaure ta da noti daga ɗaya gefen. Ƙanena ya zare ɗan fin da ke tsare notin, ya sassauta notin, ya ce in matsa kada abin ya faɗo mini a ƙafa. Na matsa, amma babu abin da ya faɗo.

Wutsiyar nan ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da kauri a gindi da siranta a kai, idon ma haka aka yi shi. Shekara da shekaru nauyin albasa yana danna ta ciki, tsatsa kuma ta bi ta liƙe. Ƙanena ya mayar da notin bakin wutsiyar ya ɗauki guduma ya shiga duka. Ya daka har gumi ya jiƙa masa riga. Ya ba ni na daka. Notin ya baje, wutsiyar ko gezau.

Daga nan muka shiga dabaru. Muka zuba man birki muka bar shi ya kwana, muka zuba kananzir. Muka sa dogon ƙarfe muka danna, ni da shi muka hau kai, ƙarfen ya lanƙwashe. Aiki a ƙofar gida kuwa ba ya rasa masu shawara. Mai shayin kan kwana ya ce a zuba lemon kwalba, baƙin, yana cin tsatsa. Muka zuba, ƙudaje suka ji daɗi. Wani ya ce wuta. Ƙanena ya aro fitilar masu walda ya gasa wurin, sauran robar ta kama, unguwa ta cika da wari, maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko taya muke ƙonawa. Duk abin da aka yi, a ƙarshe guduma ake komawa, a daki kan notin nan.

A cikin dukan nan ne Baba ya yi sabuwar kalma. Ƙanena ya ɗaga guduma kenan sai muka ji daga bayanmu an ce, "Mari."

Muka juya. Bakinsa a karkace, amma kalmar ta fito sarai. Ya sake cewa, "Mari. Mari."

Da farko murna muka yi, ƙanena har ya ruga ya kira Inna. Sai da ta zo ta ji da kunnenta murnar ta koma ciki. Baba bai taɓa marin kowa ba. Ni ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba, balle matarsa. In ka yi laifi, shiru yake yi maka, kuma shirun nan ya fi bulala ciwo. A ce mutumin nan, cikin duk kalmomin duniya, wadda ta dawo masa ita ce mari, abin ya tsaya mana a rai.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ni shika nuhi. Ya ga ina ɓata mai mota." Ya je ya durƙusa gaban Baba ya miƙa fuska, rabi wasa rabi gaske, ya ce, "Ga ni, Baba, mare ni." Baba ya ture shi da hannun hagu, ransa a ɓace, ya ce, "Mari!"

Abin bai tsaya nan ba. Duk lokacin da muka koma kan aikin sai ya fara. Daga baya ya shiga marin kansa. Ya ɗaga hannun hagu ya kai wa kuncinsa, tas, ya ce "mari", ya kalle mu. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Wata tsohuwa ta ce iska ce, a nemo rubutu. Yara suka fara leƙe daga bayan katanga. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na ƙarfen da ya ƙi fita da na mutanen da ke kallon mahaifina kamar wasan kura. Na kori masu shawara har da mai shayi, wanda bai yi mini komai ba.

Baffa ya zo ya tarar ana haka. Ya tsaya ya ga Baba ya mari kansa sau biyu. Bai yi dariya ba, idonsa ma ya kawo ruwa. Ya ce, "Hajiya, kin gani da idonki. Wanga mai hankali na? Ku bar hiddo shi waje mutane na kallo. A mai da shi ɗakin ciki, shi huta, mu ma mu huta. Motar kuma na yi magana da masu ƙarhe, gobe suna zakkuwa."

Wannan karon Inna juyawa ta yi ta shige gida. Da yamma na shiga cikin gida na same ta zaune a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta lura ba. Ƙanena ba ya nan, ba kuma ta juya wajen bango ba. Ƙasa ta kalla ta ce, "Ko dai gaskiya Baffanku shika hwaɗi?" Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba. Ita kaɗai ke riƙe da Baba a cikin mutane, ga shi hannunta ya fara saki. Na tsugunna na hura mata wutar.

Da safe ta ce a fito da Baba, ko na yau kaɗai. Muka zaunar da shi. Ta kawo masa dabino a ɗan kwano. Kullum sai ta cire ƙwallon take ba shi, don tsoron kada ya shaƙe. Tana cikin ɓare na farko ya miƙa hannu ya ɗauki guda da ƙwallonsa ya jefa a baki. Ta ce, "Malam, kawo in cire ma," ya kawar da kai. Baffa ya iso, yana jiran mutanensa. Ƙanena ya ce bari ya gwada na ƙarshe, kada a ce ƙarfe ya kā da shi. Ya ɗauki guduma.

Baba ya ce, "Mari."

Ina tsaye kusa da kujerarsa. Sai na ji ya damƙi wuyan hannuna. Hannun hagun nan da sauran ƙarfi, hannun da ya yi shekaru yana ɗaga buhu ne. Ya ja tafina ya ɗora a kuncinsa na dama, mataccen, ya danna sosai, ya kalle ni alamar in riƙe. Na riƙe. Ya saki hannuna, ya ɗaga nasa, ya kai wa kuncin hagu mari mai ƙarfi. Ƙwallon dabinon ya yi tsalle daga bakinsa ya faɗa kan cinyarsa.

Baffa ya ce, "Innalillahi. Ku ɗauke shi ku kai ciki."

Baba bai kalle shi ba. Ya ɗauki ƙwallon ya ɗaga mana, sannan ya nuna ƙafar motar da shi.

Inna ce ta fara magana. Ta ce, "Ba ku gani? Ba kanai shika mari ba. Ƙarhen shika nuhi. Ku riƙe mai kunci guda, ku mari gudan."

Ƙanena ya tsaya da guduma a hannu, baki buɗe. Ya kalli idon ƙarfen da wutsiyar ke ciki. Lallai yana da gefe biyu, masu ɗan tudu, kamar kumatu. Mu tun da muka fara, wutsiyar muke duka a ka, muna son mu tura ta waje da ƙarfi. Ba wanda ya taɓa gefen idon, don a ganinmu ba shi ne ya maƙale ba.

Ba mu da guduma ta biyu mai nauyi, sai aka aro ta masu fasa dutse a bayan layinmu. Ƙanena ya mayar da jak ƙarƙashin hannun motar don kada ya zabura in abin ya saki. Ni na tsugunna na manna kan babbar gudumar a gefe ɗaya na idon, na riƙe da hannu biyu. Shi ya koma ɗaya gefen. Ya kai duka na farko a tsorace. Baba ya yi tsaki. Tsakin nan ma mun daɗe ba mu ji shi ba. Ƙanena ya gyara tsayuwa ya kai na gaske, har na ji shi a haƙorana. Ya ƙara. Bai kai ga gajiya ba sai muka ji ƙas, ƙara ƙarama, ba ta kai ta fasa goro ba. Wutsiyar ta saki, tana lilo a kan bajajjen notin.

 Ƙanena ya sa yatsa ya taɓa ta, ta motsa. Ya zauna daɓas a ƙasa cikin baƙin mai.

Baba ya ce, "To."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige zaure. Muna jin ta daga nan, ba a rarrabe kuka take ko dariya, ina jin duka biyun ne. Ni ma sai da na juya baya na yi kamar ina neman sifana.

Baffa ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hula ya sosa kai, ya zo ya durƙusa gaban wansa. Ya ce, "Yaya, ashe kana ji. Duk abin da nic ce, ka ji?" Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Mari." Wannan karon ba wanda ya kalli mota. Ƙanena ya fara fashewa, sai ni, sai Baffa da kansa, yana dariya yana share ido yana cewa ya cancanta. Gefen bakin Baba mai rai ya ɗan ɗaga. Da masu sayen ƙarfe suka iso da kurarsu, Baffa ne ya tare su tun daga kan kwana ya ba su haƙuri.

Sauran aikin bai zo da sauƙi ba, don notin da muka baje da duka ya ƙi fita, sai da ƙanena ya yanke shi da zarto. Amma yanzu da mai gida a kan aikin. In ƙanena ya ɗauki sifanar da ba ita ba, tsaki. In ya ɗauki daidai, "to". Muka goge idon ƙarfen da tsumma, muka zura sabuwar wutsiya, muka ɗaure noti har Baba ya ce to, muka mayar da fin, muka cika giris. Batir ya mutu saboda zama, sai da aka kai caji. Daga baya na ba wani tsohon direba labarin a kasuwar albasa ta Aliero, ya ce ai su haka suke cewa tun dā, bol-joyin ba a dukansa a ka, marinsa ake yi. Ya yi mamakin yadda 'ya'yan direba ba su san wannan ba. Na ce ya je ya tambayi direban da ya hana mu taɓa sifana.

Tun daga ranar gidan ya canza. Ba a ƙara yin magana a kan Baba yana zaune ba, da shi ake yi. Sai dai mun wuce gona da iri ta wani gefen, duk kalmar da ta fito daga bakinsa sai mu ɗauka ta mota ce. Ya ce "mai", ƙanena ya ruga ya duba man inji, ashe man shafawa yake so a ƙafarsa.

Da motar ta tashi, aka yi shawarar inda za a fara zuwa. Aka jera wa Baba wurare, Aliero, Fagada, Jandutsi, yana shiru. Da aka ce Kuberi ya ce to. Inna ta daɗe ba ta ga danginta ba, tun kwanciyarsa ba ta taka ko'ina ba.

Da hantsi muka ɗauke shi ni da ƙanena muka sa a kujerar gaba, jikin ƙofar dama, muka tokare shi da matashi. Ƙanena ya shimfiɗa tabarma a baya. Nan ne wurin Inna tun da aka sayi motar. Gaba ta maza ce, ta abokan Baba da dillalan albasa, ita kuwa ko ita kaɗai ce fasinja baya take hawa da ƙullin kayanta. Ta ɗora ƙafa a kan taya za ta hau kenan Baba ya ce, "Gaba."

Ƙanena ya ce, "Wayyo, mi munka manta?" Kafin in yi magana ya riga ya shige ƙarƙashin gaban motar da farar rigarsa ta zuwa unguwa. Ya girgiza taya, ya taɓa noti, ya duba fin. Ya fito ya ce komai daidai. Baba ya ce, "Gaba." Na buɗe bonet na duba ruwa da mai. Baba ya yi tsaki mai tsawo.

Sai na yi abin da ya kamata mu koya tun ranar dabino, na bi idonsa. Ba ƙafar mota yake kallo ba. Madubin gefe yake kallo, inda Inna take tsaye da ƙafa ɗaya a kan taya. Ya sauke hannun hagu ya daddaɓa kujerar, wurin da ke tsakaninsa da sitiyari.

Inna ta gane kafin in faɗa. Ta ce wa bangon gidanmu, "A'a. Ni baya ta ishe ni." Wurin da yake nuna mata tsakiya ne, mijinta a dama, ɗan farinta a hagu, kafaɗa da kafaɗa, a bi ta tsakiyar Jega kowa na gani. Na san abin da wannan yake a wurinta. Ƙanena ya buɗe baki zai yi tsokana, na harare shi ya rufe.

Baba ya sake daddaɓa kujerar. Ya ce, "Gaba."

Ita ce ta tsaya gaban Baffa ta ce a tambayi mai ita, ta ce yana ji, ya san abin da yake so. Ga shi ya faɗi abin da yake so. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauke ƙafarta daga kan tayar, ta miƙa wa ƙanena ƙullin kayanta, ta zagayo ta ƙofar direba. Na matsa gefe na kalli ƙasa. Ta shiga ta zauna, ta tattare zanenta don kada ya taɓa giya. Na shiga na rufe ƙofa. Kujerar ba ta da faɗin da za a bar tazara. Tun da na yi wayo ban taɓa zama kusa da mahaifiyata haka ba, har ina jin ƙamshin turaren mayafinta a kan warin albasa.

Muka fita daga gari muka kama hanyar Maiyama.  Inna ta kafe ido a kan titi kamar ita ke tuƙin. Da muka zo wurin wasu ramuka da ke gaba da gada, na rage gudu, ƙafar hagu ta faɗa ta fito. Babu ƙwanƙwasa. Baba ya ce, "To." Da na saci kallo, hannunsa na hagu yana kan gefen mayafinta, ya riƙe, ita kuma ba ta janye ba.

Hanya ta miƙe, na ɗan taka mai. Sai na ji ta yi gyaran murya. Babu bango a wurin, ƙanena kuma yana baya yana shan iska. Ta juyo ta dube ni, ni ɗin, ta ce, "Kai, tahi sannu. Babanka na ciki."

Na ɗaga ƙafa daga kan mai.